Su A Ruwan Wata Ƙasa: Tara Daban, Toshiya Daban

Kaka ta wuce, an kai amfanin gona rumbu, ruwan gulabe kuma ya fara janyewa. A irin wannan lokaci ne manoma da yawa na bakin ruwa sukan jingine fartanya su ɗauki koma da mamari. Waɗansu sukan tsaya a fadamar garinsu, waɗansu kuwa sukan yi nisa, har Tabkin Chadi, ko su bi Kwara su haura ƙasar Nijar. Fatake kuma suna biye da su da kwanduna don sayen banda. Saboda haka maganar wannan mako ta ruwa ce, watau abin da kan sami mai kamun kifi sa'ad da ya ƙetare iyakar ƙasarsa, masu bindiga suka tare shi.

A Turai da Amurka akwai mutane masu ɗimbin yawa da ke kamun kifi don nishaɗi kawai. Mutum zai sayi fatsa mai tsada da ƙaramin jirgi mai inji, ya wuni cikin rana, in ya kama kifi ya auna nauyinsa, ya ɗauki hotonsa, sau da yawa ma ya mayar da shi ruwa. Masunci na gaske in ya ji wannan, dariya zai yi. Amma wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga yadda dubban mutane ke rugawa cikin Matan Fada don a ce wane ne ya kama giwan ruwa mafi girma, ya san su yana da wani daɗi wanda ya wuce na miya.

To, waɗannan masu fatsar nishaɗi sukan bi kifi har ruwan waɗansu ƙasashe, can kuwa sukan gamu da sojan ruwa da 'yan kwastan da 'yan sanda, wani lokaci har da waɗanda suka ari kayan sarki suka sa. Da yake su masu hali ne, suna da jakadu da jaridu a bayansu, labarinsu yakan bazu duniya ta ji. Talakan masunci kuwa abin yakan same shi ya wuce ba wanda ya rubuta. Don haka labarinsu abin dubawa ne, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ga labari uku.

Na Farko, A Bakin Tsibirin Abu Musa

Cikin watan Nuwamba na 2005 wani Bajamushe ya tafi hutu Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya yi hayar jirgin kamun kifi, mai tuƙin jirgin kuwa Bafaranshe ne. Suka fita teku suka kusanci wani ƙaramin tsibiri da ake kira Abu Musa. Wannan tsibiri tun 1971 ake jayayya a kansa. Iran ta girke sojanta a ciki tana cewa nata ne, Daular Larabawa kuma tana cewa nata ne, kowace da irin taswirarta. Iraniyawa suka kama su. A Janairun 2006 kotu ta ɗaure kowannensu wata 18 saboda shiga ruwan ƙasa ba izini. Gwamnatocin Faransa da Jamus suka yi ta kai da kawowa, amma ba a saki Bafaranshen ba sai a Fabrairun 2007, Bajamushen kuwa sai a Maris. Fita ta yini ɗaya ta zama zaman kurkuku na fiye da shekara.

A nan ba wanda ya ce an nemi ko anini a hannunsu. Rigimar manya ce suka faɗa ciki, jahilcin iyaka ya kai su. Iyakar tudu tana da shinge da tuta da ofis, ta ruwa kuwa babu alamar da ido zai gani, ruwan wannan ƙasa da na waccan launinsu ɗaya. Mai bindiga ya san inda layin yake, ko inda gwamnatinsa ta ce yake, baƙo ne kaɗai bai sani ba.

Na Biyu, A Tabkin Falkon

Tsakanin jihar Teksas ta Amurka da ƙasar Meksiko akwai wani babban tabki da ya samu bayan an datse kogin Riyo Girande a 1953. Iyakar ƙasashen biyu ta ratsa tsakiyarsa, an kuma kakkafa ginshiƙai cikin ruwa don nuna ta. Tabkin ya yi suna wajen masu fatsa saboda girman kifinsa, sun kuwa saba ƙetarawa gefen Meksiko. A watannin Afrilu da Mayu na 2010 sai aka fara jin waɗansu mutane ɗauke da manyan bindigogi suna tare jiragen masu fatsa suna karɓe musu kuɗi, waɗansunsu ma suna cewa su 'yan sandan gwamnatin Meksiko ne. Hukumar Teksas ta gargaɗi jama'a kowa ya tsaya gefen Amurka, ta kuma ɗora laifin a kan masu fataucin miyagun ƙwayoyi da ke riƙe da wancan gefen. Ran 30 ga Satumba na shekarar aka harbe wani Ba'amurke da ya ƙetara yawon ganin wani tsohon gari da ruwa ya ci. Bayan 'yan kwanaki shi ma jami'in Meksiko da ke binciken maganar aka kashe shi.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa ɗan fashi ya ga riba cikin kiran kansa ɗan sanda. Ya san mutane sun saba, in mai kayan sarki ya tsayar da su, su sa hannu a aljihu ba tare da an rubuta kome ba. Ma'aikacin da ke karɓar kuɗi babu takarda, aikinsa da na ɗan fashi iri ɗaya ne ga idon wanda aka tare: jirgi ya matso, an nuna bindiga, an karɓi kuɗi, an tafi. Ta yaya baƙo zai rarrabe su? Duk ma'aikacin da ya ci hanci ya ɗinka wa ɓarawo riga ke nan.

Na Uku, A Kogin San Lorans

Wannan kogi shi ya raba jihar Niyu Yok ta Amurka da ƙasar Kanada. A ƙarshen Mayun 2011 wani saurayi Ba'amurke yana fatsa a gefen Kanada, kusa da garin Gananokwe, da lasin ɗinsa na kamun kifi na Kanada a aljihu. Ma'aikatan iyaka suka hau jirginsa suka ce ya karya doka, domin bai sanar da kwastan shigowarsa ba. Suka ce ko dai ya biya dala 1,000 nan take, ko a sa masa ankwa a ja jirginsa. Ya biya.

Wannan hukunci ya yi tsanani ƙwarai, don mutanen wurin sun daɗe suna haka ba a taɓa tanka musu ba. Amma kuɗin asusun gwamnati ya shiga, akwai shaidar biya, an san ranar, an san ofishin. Saboda haka da ya kai kuka, akwai abin da za a riƙe a yi magana. 'Yan majalisa na ƙasashen biyu suka sa baki, aka mai da tarar dala 1, aka mayar masa da sauran. Maganar ba ta tsaya nan ba. Wani ɗan majalisar dattawan Kanada, Sanata Bob Runciman, ya kawo ƙudurin gyara dokar, a watan Yuni na 2017 kuma gyaran ya tabbata. Daga nan wanda ya shiga ruwan Kanada bai sauka tudu ba, bai kafe jirginsa ba, bai kuma haɗu da wani jirgi ba, ba tilas ya sanar da kwastan ba.

A tuna fa, da saurayin nan ya murɗa ɗan wani abu ya miƙa a ɓoye aka sake shi, da har gobe dokar tana nan yadda take, ana kama na bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Na Goro

Kowace ƙasa tana da sunan da take sakaya abin da shi. Mutanen Meksiko suna ce masa mordida, watau cizo. A nan kuwa ana cewa na goro, ko na shan ruwa. Ko da wane suna aka kira shi, bambancinsa da tara a fili yake. Tara tana da doka mai lamba, da adadi sananne, da rasit, da wurin ɗaukaka ƙara. In an zalunci mutum da ita, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Toshiya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ba da ita yau bai sayi kome ba sai sakin yau, gobe wani jirgin sintiri zai tare shi, ko ma wannan ɗin dai, farashin kuma ya hau, gama an gane yana bayarwa.

Waɗansu masu yawon fatsa suna ɗaukar abin wasa. Sukan ware kuɗin toshiya tun daga gida kamar yadda ake ware kuɗin mai, su koma su riƙa ba da labari cikin raha, wai sun iya zama da mutanen ƙasar. Wannan ba wayo ba ne. Abin da mai hutu ya miƙa bai ji a jikinsa ba, wataƙila ya fi abin da masuncin wurin ke samu a wata guda. In baƙon ya hau jirgin sama ya tafi, ma'aikacin da ya ɗanɗana yana nan, bindigarsa tana nan, wanda ya rage masa ya tatsa kuwa shi ne mai kwalekwale da taru ɗaya. Baƙo ya ɓata hanya, ɗan gari ne zai yi ta binta.

Akwai masu cewa, ai mai zama cikin ruwa ba ya gaba da kada, wa zai tsaya neman rasit bakin bindiga yana kallonsa? Gaskiyarsu. Ba mai hankalin da zai ce a yi gardama da mai makami a tsakiyar ruwa, inda ba shaida, ba mai ceto. Rai ya fi jirgi, ya fi kifi. Wanda aka ƙwace wa kuɗi da tsoratarwa an yi masa fashi ne, ba shi da laifi. Wanda ake zargi shi ne mutumin da ya san ana yankar lasin, ya ƙi yanka, ya ce na goro ya fi araha. Shi wannan abokin cinikin mai cin hanci ne. Doka ma haka ta ɗauke shi. Dokar Ingila ta 2010 tana hukunta ɗan ƙasarta da ya ba da hanci ko a wace ƙasa ya bayar, kome ƙanƙantarsa. Dokar Nijeriya ta 2000 wadda ta kafa hukumar ICPC ita ma ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa.

Kada kuma a ɗauka duk mai tsaron ruwa azzalumi ne. Ƙasa tana da hakkin tsare ruwanta. Akwai manyan jiragen waje da ke kwashe kifi su bar 'yan ƙasa da ƙaya, akwai masu fasa-ƙwauri da masu safarar makamai waɗanda ke fakewa da kayan su. Ma'aikacin da ya tsayar da jirgi ya nemi takarda aikinsa yake yi, ya kuwa cancanci a gaishe shi a nuna masa. A Meksiko, alal misali, doka ta ce in da kayan fatsa cikin jirgi, kowane mutum da ke ciki sai ya riƙe lasin, ko da kallo kawai ya zo. Baƙon da bai tambaya ba, kada ya ce an zalunce shi.

Tabkin Chadi

Duk abin da aka faɗa a sama, masuntan Tabkin Chadi sun san shi tun ba yau ba, sun kuwa fi masu fatsar nishaɗi jin jiki, domin su abincinsu ne. Ƙasa huɗu ne suka kewaye tabkin: Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Wajen 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya zo ya janye mafi yawansa. Ruwa yana ja da baya masunta suna binsa, suna kafa bukkoki a kan tsibiran da suka fito, ba su san sun ƙetare layin da Turawan Ingila da Faransa da Jamus suka ja a takarda ba. A 1983 har sojan Nijeriya da na Chadi suka gwabza a kan waɗansu tsibirai. Garin Darak, wanda masunta daga Nijeriya suka cika, Kotun Duniya ta yanke ran 10 ga Oktoba 2002 cewa na Kamaru ne, a Disambar 2003 kuma Nijeriya ta janye daga ƙauyuka wajen talatin na yankin. Mutum ya kwana a bukkarsa, ya wayi gari baƙo a cikinta.

Masunci a wannan tabki yana iya ratsa ruwan ƙasa biyu ko uku cikin tafiya ɗaya, kowace da sojanta da jandarmominta da takardunta. Bayan fitinar Boko Haram ta ɓarke abin ya ƙara muni, 'yan bindigar suka riƙa ɗora wa masunta nasu harajin, hukumomi kuma a waɗansu lokatai suka hana su da cinikin kifi gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a jihar Difa ta Nijar a 2015. Fataken banda sun daɗe suna kuka da yawan shingaye a hanya. Duk abin da aka karɓa a ruwa da a shinge, a kan kwandon banda ake ɗora shi, mai cefane a Kano da Onica shi ke biya a ƙarshe. Ashe maganar ta shafi har wanda bai taɓa shiga kwalekwale ba.

Kada kuma kowa ya dogara da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 wadda ta ba da damar shiga ƙasa ba biza har kwana 90. Izinin shiga daban, izinin su daban. Bayan haka Chadi da Kamaru ba su cikin ƙungiyar, Nijar kuma ta fita a Janairun 2025.

Abin Da Mai Tafiya Zai Riƙe

A ƙasar Hausa tun kaka da kakanni baƙon masunci ba ya jefa koma sai ya gai da Sarkin Ruwa, ya ji wurin da aka hana, da lokacin da aka hana, da abin da ake bayarwa. Wannan al'ada ita ce maganin rabin wahalar. Matambayi ba ya ɓata. Mai niyyar su a ruwan wata ƙasa ya tambayi 'yan gari inda iyaka take, in wurin ana jayayya a kansa ya nisance shi, kome yawan kifinsa.

Ya yanki lasin na ƙasar da zai shiga, daga ofishin da ke yankawa, ya haɗa da katin shaidarsa ya naɗe cikin leda. Ya bar kwafi a gida, ya kuma faɗa wa mutanensa inda ya nufa da ranar komowa.

In an tare shi ya kashe inji, ya bar hannuwansa a fili, ya yi magana da ladabi. In an ce ya yi laifi ya tambaya a hankali wane laifi ne, ya roƙi a rubuta masa, ya ce ya yarda a je ofis a biya. Mai neman na aljihu ba ya son ofis, sau da yawa wannan kalma kaɗai takan sa ya sassauta. In kuwa ya ga ransa na cikin hatsari ya ba da abin da aka nema ya tsira, amma ya riƙe rana da wuri da lambar jirgin a ka, ya kai rahoto da ya isa tudu.

In an tsare shi ya sani yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba kowane baƙo hakkin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema. Masu fita teku kuma su sani dokar teku ta 1982 ta ba ƙasa cikakken iko a mil 12 daga gaɓarta. Daga nan zuwa mil 200 kifin nata ne, tana iya kama jirgi ta ci tara, amma ba ta da ikon ɗaure mutum ko dukansa saboda laifin su kaɗai, sai in da wata yarjejeniya tsakanin ƙasashen. Wannan doka ta teku ce, ba ta shafi tabki ko kogi ba.

Sa'an nan a shiga ƙungiya. Kukan mutum ɗaya iska ke ɗauke shi. Amma in ƙungiyar masunta ko ta fataken kifi ta ajiye littafi, akawunta yana rubuta kowane tari da abin da aka karɓa da inda aka karɓa, bayan wata shida tana da abin da za ta ajiye gaban Hakimi da Gwamna da ɗan majalisa, wanda ba mai iya musunsa.

Saura Ga Hukuma

Faransa da Suwizalan suna tarayya a Tabkin Janeba. A 1980 suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar su, wadda ta ba mai fatsar nishaɗi damar kamun kifi a ruwan ƙasashen biyu da lasin ɗin da ya yanka a ƙasar da yake zaune. In an yi wa masu nishaɗi wannan gata, masu neman abin kai wa bakin salati sun fi cancanta. Hukumar Tabkin Chadi tana nan tun ran 22 ga Mayu 1964, sa'ad da ƙasashen huɗu suka kafa ta a Fort Lami, wadda yanzu ake kira Injamena. Ya kamata ta fito da lasin guda wanda duk ƙasashen za su yarda da shi, a buga farashinsa da jerin tara da Hausa da Barbarci da Larabci da Faransanci, a manna a kowace mashigar ruwa da kasuwar kifi. Kowane jirgin sintiri ya kasance da lamba babba a jikinsa da littafin rasit a cikinsa, a kuma riƙa biyan ma'aikatan albashinsu a kan kari, don wanda aka ba bindiga aka bar shi da yunwa, an san inda zai nemi abinci.

Kafin a kai ga wannan, shawara ga masu shirin tafiya su bana ita ce su fara da ofishin lasin kafin su je wurin mai saƙar taru. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi da kwando cike.